Yadda za ka binciko tarihin unguwa mai inuwa: misalin Nasarawa ta Kano

Wanda ya fito daga cikin birnin Kano ta Ƙofar Nasarawa a watan Afrilu, ya miƙe gabas zuwa titunan da ke kewaye da Gidan Gwamnati, zai ji iska ta sauya a jikinsa tun kafin ya lura da dalili. Dalilin shi ne itatuwa: darbejiya da maɗaci da mangwaro da suka yi layi a bakin hanya, wasu kuma sun leƙo ta saman katangun gidaje. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan inuwa kamar haka Allah Ya halicci wurin da ita, alhali doka ce ta ware filin, safiyo ne ya yanka manyan fulotai, kuma hannayen leburori da masu ban ruwa ne suka raini dashen har ya zama abin da ake gani a yau. Wannan jagora an yi ta ne domin ɗalibi ko ɗan jarida ko mazaunin unguwa da yake son ya binciko tarihin irin wannan wuri ya rubuta shi. An ɗauki Nasarawa a matsayin misali, amma hanyar za ta yi aiki a tsofaffin unguwannin Turawa na Kaduna da Zariya da Jos da Sakkwato.

Abu na farko shi ne ka tantance wurin da kake nufi, domin a Kano sunan Nasarawa yana kan abubuwa uku. Akwai Gidan Sarki na Nasarawa da ke bayan ganuwa, akwai unguwar da aka keɓe wa Turawa wadda ake kira Nasarawa GRA, akwai kuma Ƙaramar Hukumar Nasarawa mai hedikwata a Bompai, wadda ta haɗa da unguwanni masu cunkoso da ba su da wata kama da GRA. Ka samu taswira ka zana iyakar bincikenka da biro tun kafin ka fita, kuma kada ka ɗauki fiye da abin da ƙafarka za ta iya zagayawa. Tituna huɗu ko biyar da aka bi gida-gida sun fi amfani a kan unguwa guda da aka ratsa a mota.

Daga nan sai ka riƙe wasu shekaru a ka, domin a kansu za ka rataya duk abin da ka gani ko ka ji. Sojojin Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, lokacin da Sarki Alu ba ya gari, aka naɗa Sarki Abbas wanda ya yi mulki har zuwa 1919. Turawa ba su zauna a cikin birni ba, sai suka kafa barikinsu da ofisoshinsu a gabashin ganuwa, a yankin Nasarawa da Bompai. A 1909 Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa, inda aka tara 'ya'yan sarakuna da malamai da masu koyon sana'a daga lardunan Arewa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya biyo baya, kamfanonin Turawa da 'yan kasuwar Siriya da Labanan suka cika gefen tasha, aka kuma yanka Sabon Gari domin baƙin da suka zo daga Kudu. Sai kuma dokar tsara garuruwa ta 1917, a zamanin Gwamna Lugga, wadda ita ce mabuɗin fahimtar siffar unguwar baki ɗaya.

Wannan doka ta cancanci ka tsaya a kanta. A 1897 Ronald Ross ya tabbatar cewa sauro ne yake ɗauke da ƙwayar zazzaɓin maleriya, sai likitocin mulkin mallaka suka kafa hujja da hakan suka ce kariyar Bature ita ce a nisanta gidansa daga gidajen 'yan ƙasa. Aka tsara cewa a bar fili mai faɗin yadi 440, wato kimanin mita 400, wanda ba a gini a cikinsa, tsakanin unguwar Turawa da ta sauran jama'a, bisa zaton cewa sauro ba zai tsallake wannan tazara ba. Ɗan ƙasa ba ya kwana a unguwar sai in ma'aikacin gida ne. A garuruwa da dama wannan fili shi ne ya koma filin folo da na sukuwa da na wasan golf. Saboda haka idan ka buɗe taswirar Kano ka ga manyan filayen wasa sun taru a gefen GRA, ka san cewa kana kallon ragowar wata iyaka ce da aka shata da gangan. Ka auna faɗin abin da ya rage na waɗannan filaye, ka lura da inda gine-gine suka cinye su, ka rubuta. A ganina duk marubucin da ya yabi inuwar Nasarawa bai ambaci wannan wariya ba, ya tauye labarin, domin da ita aka samu sararin da itatuwan suka girma a cikinsa.

Abin da ya biyo baya za ka iya riƙe shi a taƙaice. Daga shekarun 1950, da manufar ɗora 'yan Arewa a kan manyan muƙaman gwamnati, zuwa samun mulkin kai a 1960, manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaji gidajen Razdan da Di'o da likita da injiniya. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Baƙo ya zama gwamnanta na farko har zuwa 1975, unguwar ta zama mazaunin gwamnatin jiha. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, shi ne mai sa hannu a takardar mallaka. Daga baya gidajen gwamnati da yawa suka koma hannun ɗaiɗaikun mutane, kuma daga nan ne aka fara raba fuloti ɗaya gida uku ko huɗu, ko a mayar da shi otal ko makaranta ko asibiti ko rukunin kantuna.

Da waɗannan a ka, sai ka fita da ƙafa. Ka zaɓi sanyin safiya, bayan fitowar rana zuwa hantsi, ka riƙi littafi da biro da awon tela da waya mai ɗaukar hoto da nuna wuri. Ka yi zagaye ɗaya a rani, tsakanin Maris da Mayu, sa'ad da ake gane itacen da yake riƙe ganyensa, ka yi wani a tsakiyar damina domin ka ga inda ruwa yake bi da inda yake kwanciya. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoto kusa da Gidan Gwamnati ko ofishin jami'an tsaro ko ƙofar gidan wani ba tare da izini ba, domin tun bayan hare-haren 20 ga Janairu 2012 masu gadi a wannan yanki ba sa ɗaukar baƙo mai ɗaukar hoto da wasa, kuma suna da hujja. Takardar gabatarwa daga makarantarka ko wurin aikinka za ta rage maka dogon bayani.

Itatuwan su ne shaidarka mafi daraja, kuma yawancin masu bincike wuce su suke yi suna neman gine-gine. Ka koyi raba su gida biyu: waɗanda unguwar ta tarar, da waɗanda aka dasa domin unguwar. Kuka da tsamiya da ɗorawa da gawo da kanya da ɗinya itatuwan gona ne na ƙasar Kano, manomi ne yake barinsu a tsakiyar gero da dawa saboda amfaninsu, miya da kalwa da kunu da abincin dabbobi. Idan ka ga ƙatuwar kuka a kusurwar wani gida, ba ta bin layin titi ba ta bin layin katanga, akwai kyakkyawan zato cewa ta girmi fulotin, kuma tana nuna maka gona ko kufai da ke wurin kafin safiyo ya zo. Gawo yana da alamar da ba ta ɓuya, domin shi a damina yake zubar da ganye, ya yi kore a rani. Rimi da ceɗiya da durumi kuwa sun fi zama a inda mutane suke taruwa, bakin tsohuwar hanya ko dandali, saboda haka idan ka gamu da ɗayansu ka tambayi dattawa wace hanya ce ta bi ta wurin a da.

Dashen unguwa kuma tsarinsa ne yake tona shi: layi miƙaƙƙe, tazara iri ɗaya, kauri kusan ɗaya. Darbejiya, wadda wasu suke kira dogon yaro ko maina, asalinta daga yankin Indiya take, kuma an shigo da ita Arewacin Najeriya a ƙarshen shekarun 1920, aka fara da lardin Barno. Wannan kaɗai ya ba ka ma'auni mai ƙarfi, domin duk girman darbejiyar da ka gani a titin Sakkwato ko titin Alu, ba ta ga zamanin Sarki Abbas ba. Itacen turare daga Ostareliya ya fito, an kuma fi dasa shi a matsayin shinge ko a wuri mai danshi. Maɗaci ɗan ƙasa ne, amma idan ka gan shi a jere a bakin titi, to dashe ne na ma'aikatan gandun daji, kuma sau da yawa za ka tarar an sassaƙe ɓawonsa domin magani. Mangwaro da gwaiba da lemo sun fi yawa a cikin gida da bayan ɗakunan ma'aikata, kuma su ne suka fi ba da labarin wanda ya zauna a gidan, ba labarin hukuma ba.

Ka buɗe rajista ta musamman domin su. Kowane babban itace ka ba shi lamba, ka rubuta sunansa da titin da yake da ɓangaren da yake, ka auna kewayen gindinsa a daidai tsayin ƙirji, wato mita 1.3 daga ƙasa, ka rubuta halin da yake ciki: ko an datse shi saboda wayar lantarki, ko an zuba siminti har wuyansa, ko gara ta ci cikinsa, ko an ƙona gindinsa da shara. Kututture ma ka ƙirga shi, haka kuma gurbin da ya kamata a ce akwai itace a cikin layi amma babu, domin giɓin yana nuna abin da aka rasa. Ka yi hattara da ƙiyasin shekaru daga kauri kawai. Darbejiya da mangwaro suna saurin girma idan sun samu ruwa, tsamiya kuwa tana da nawa, don haka siririyar tsamiya za ta iya girmar ƙatuwar darbejiyar da ke kusa da ita nesa ba kusa ba. Idan kana da ma'aunin zafi, ka ɗauki awo a ƙarƙashin layin itatuwa da kuma a buɗaɗɗen titi mai kwalta, a rana ɗaya da sa'a ɗaya, ka maimaita na kwanaki, sannan ka bayar da abin da ka samu da hannunka maimakon ka ari alƙaluman wani gari.

Gidajen ma ana karanta su. Mafi tsufa a cikinsu ginin ƙasa ne na maginan Kano, da tubali da azara da kauri mai riƙe sanyi, kuma Gidan Ɗan Hausa shi ne misalin da kowa zai iya shiga ya gani, tun da yanzu gidan tarihi ne a ƙarƙashin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Bayansu akwai gidajen ma'aikatar ayyuka: hawa ɗaya, rufi mai tudu, baranda mai faɗi, manyan tagogi masu fuskantar juna domin iska ta ratsa, gidan yana can tsakiyar fili wanda sau da yawa yakan kai eka guda ko fiye, ɗakunan kuku da boyi kuma suna can ƙarshen baya. A da shingen itatuwa ne yake raba gida da titi, doguwar katanga da ƙofar ƙarfe daga baya suka zo. Idan ka ga gidaje uku sababbi a jere suna da katangar baya guda ɗaya tsohuwa, ko tsohon kwalbati ɗaya da ba ya fuskantar kowace ƙofa, to ka gano fuloti ɗaya da aka yanka. Sunayen tituna kuma ka rubuta su duka, ka tambayi tsohon sunan kowanne, domin titin da yake ɗauke da sunan Audu Baƙo ko Murtala Muhammad ba da wannan suna aka fara kiransa ba, kuma da tsohon sunan za ka same shi a takardu.

Takardun suna warwatse, sai an yi haƙuri. Babbar taska ita ce Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin ofishin lardin Kano suke a ƙarƙashin alamar KANOPROF, na sakatariyar lardunan Arewa kuma a ƙarƙashin SNP. Ka nemi rahoton shekara-shekara na lardi, da wasiƙun jami'in lafiya, da na jami'in gandun daji, da takardun hayar filaye, da duk fayil ɗin da aka liƙa masa taswira. Gidan Arewa da ke Kaduna yana da tarin takardu da jaridu. A Kano akwai ɗakin karatun Hukumar Tarihi da Al'adu, da kundayen digiri na sassan Tarihi da Nazarin Ƙasa na Jami'ar Bayero, waɗanda ɗalibai suka yi wa unguwanni aiki mai yawa da ba a taɓa bugawa ba. Tsarin raya birnin Kano na shekara ashirin, 1963 zuwa 1983, wanda Trevallion ya shirya, zai nuna maka yadda hukuma take kallon yankin jim kaɗan bayan mulkin kai. Ma'aikatar ƙasa da hukumar bayanan filaye ta KANGIS da hukumar tsara birane ta KNUPDA su ne suke riƙe da taswirar fulotai da izinin gini, kuma da rubutacciyar buƙata ake tunkararsu. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara a 1939, da New Nigerian da Triumph, suna da tallace-tallace da sanarwar gwanjo da hotuna masu nuna titi kamar yadda yake a lokacin. Domin shekaru ashirin na baya-bayan nan kuwa, manhajar Google Earth ta kwamfuta tana ba ka damar komawa tsofaffin hotunan sama, ka jera na shekaru daban-daban ka ga fulotin da korensa ya koma rufin kwano.

Duk da haka, akwai abin da babu fayil ɗin da ya rubuta shi. Jami'in gandun daji zai ce an dasa itatuwa kaza a titi kaza, amma ba zai ce wane ne ya ɗebo ruwa a garwa ya yi ta ba su har suka kama ba. Wannan sai a bakin mutane. Kada ka tsaya ga masu gidaje kaɗai, domin da yawansu baƙi ne a unguwar. Ka nemi tsofaffin masu gadi, da masu kula da lambu, da direbobi, da kukun da suka yi wa Turawa ko Kwarori aiki, da 'ya'yansu da suka tashi a ɗakunan baya, da masu sayar da dashe a bakin titi, da tsofaffin ma'aikatan Asibitin Nasarawa, wanda asalinsa na Turawa ne, yanzu kuma yake ɗauke da sunan Muhammad Abdullahi Wase. Mata da suka yi raino ko wanki a gidajen sun san cikin gida fiye da kowa, kuma ya fi dacewa mace ta yi hira da su. Ka fara ta hannun mai unguwa ko limamin masallacin titin, ka gaishe su yadda ya kamata, ka bayyana manufarka a fili, ka nemi izini kafin ka kunna na'urar ɗaukar murya, kada kuma ka je wa dattijo hannu rabbana.

Yadda ka yi tambaya shi ne zai yanke abin da za ka samu. Idan ka ce, “Baba, a wace shekara aka dasa wannan maɗaci?” zai ba ka shekara don kada ya kunyata ka, kuma ba lalle ta zama daidai ba. Amma idan ka ce, “Baba, lokacin da ka fara aiki a gidan nan wane ne Sarki, wane ne gwamna, kuma itacen nan ya kai tsayin rufi?” za ka samu amsar da za ka iya ɗaurawa a kan shekarun da ka riga ka riƙe. Dattawa sun fi tuna abu da zamanin wani sarki, ko canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, ko farin da aka yi a farkon shekarun 1970. Idan da hali ka taka da shi zuwa wurin, domin abin da ya manta a zaure yakan dawo masa idan ya tsaya a gaban ƙofar. Labarin da mutum ɗaya ya ba ka kuma ka ajiye shi a matsayin nasa har sai wani da bai ji shi ba ya maimaita.

Akwai rana guda da ya kamata ka kasance a unguwar idan an yi hawa, wato ranar Hawan Nasarawa, wanda yake biyo bayan Hawan Daushe a bikin Sallah. A al'ada Sarki yakan fito daga birni ya ziyarci Gidan Nasarawa, inda kaburburan wasu sarakunan Kano suke, ciki har da na Sarki Ado Bayero wanda ya rasu a watan Yuni na 2014, sannan ya wuce Gidan Gwamnati, ziyarar da a zamanin Turawa Razdan ake kai wa. Hanyar da dawakin suke bi ita ce ta haɗa tsohon birni da unguwar da aka gina domin a nisance shi, kuma hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano a jerin al'adun duniya a 2024. Sai dai tun daga watan Mayu na 2024 Gidan Nasarawa ya shiga cikin taƙaddamar sarauta, saboda haka kada ka nufe shi sai da izini bayyananne, kuma kada ka bari bincikenka ya zama makamin wani ɓangare.

Idan ka zo rubutu, ka bambanta wa mai karatu abubuwa uku: abin da ka gani ka auna da kanka, abin da takarda ta ce, da abin da aka gaya maka. Inda takarda da baki suka saɓa, ka kawo su duka biyun, ka faɗi wanda ka fi karkata gare shi da dalilinka. Kada ka buga sunan mai gida ko lambar gidansa ko hoton cikin farfajiyarsa, kada kuma ka ambaci sunan dattijon da ya yi maka bayani sai ya yarda. Ka tsara labarin titi-titi ko zamani-zamani, amma kada ka haɗa biyun a babi ɗaya. Rajistar itatuwan kuwa ka sa mata kwanan wata a kowane shafi, ka haɗa ta da taswirar da ka zana da hotuna masu lamba, ka yi kwafi uku: ɗaya ga Hukumar Tarihi da Al'adu, ɗaya ga sashen Nazarin Ƙasa na jami'a, ɗaya kuma ga mai unguwa ko ƙungiyar mazauna titin, domin su ne za su fara ganin ranar da aka kawo injin yanka itace, kuma lambar itacen da kaurinsa da hotonsa su ne abin da za su iya kai wa ma'aikatar muhalli.